Motar da Muke Kira Allah Ya Kiyaye

Shugaban zumuntar matasa ya ce in tsaya bayan sujada in koya muku sana'ar hannu cikin minti ashirin, kafin shinkafa ta iso. Na gode da wannan girmamawa. Ni dai shekara uku na yi kafin Baba ya bar ni in taɓa ƙofar mota da guduma, amma na san ku 'yan jami'a ne, kanku ya fi namu saurin ɗauka. Ga wanda bai san ni ba, sunana Istifanus, mutumin Bukuru ne, kusa da Jos. Fanel bita ne ni, wato mai bugun jikin mota da walda. Na haura shekara arba'in a wannan aiki, goma sha biyu daga ciki a nan Kuala Lumpur. Da yawanku kun san Imma, ɗan ƙanwata Laraba. Labarin nan da shi a ciki, kuma ya ba ni izini. Ko bai ba ni ba ma, ni kawunsa ne.

Aikina na farko ba mota ba ce, kwanon wankin Mama ne. Baba ya taka shi da taya a ƙofar gida, sai ya miƙo mini shi tare da ƙaramar guduma da guntun ƙarfen layin dogo, ya ce, "Ranar da ya riƙe ruwa kuma ya zauna daidai a ƙasa, ka zo mu yi maganar mota." Ina da shekara goma sha huɗu, ƙarfi na damuna. Kwana biyu ina jibgarsa har ya zama faifai. Baba ya juya shi gaba da baya, ya ce aiki ya yi kyau, sai dai ba faifai aka ce in yi ba. Daga nan ya zaunar da ni ya nuna mini. Ƙarfe ba a dukansa a inda ya lotsa. Gefe-gefe ake bi, ana kewaya shi da ɗan bugu kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar suruki, har ya tuna inda ya fito ya koma da kansa. In ka dake shi a tsakiya sai ya miƙe ya yi tumbi, kuma tumbin ƙarfe kamar na mutum ne, fitowarsa ta fi komawarsa sauƙi. Kayan aikinmu a lokacin ba su cika buhu ba: guduma uku, wannan guntun dogo, almakashin kwano, da tukunyar walda mai gas wadda in ta yi fushi kowa sai ya nemi bayan mangwaro.

Baba, Dauda sunansa, bakanike ne a garejin wani kamfanin haƙar kuza. Da aikin kuza ya fara mutuwa, Turawa suka tattara ya-nasu-ya-nasu, suka bar filin bayan gareji cike da matattun motoci. Kowa na ganin gwangwan, Baba na ganin mota. Ya samo ƙashin wata akori-kura, ya ɗora masa injin tifa mai silinda shida. Injin ya yi wa wurin yawa, sai ya cire bonet ya yar, ya ce injin ma yana son shan iska. Rufi babu. Kujera kuwa tsohon bencin majami'a ne da fasto ya ce a yi makamashi da shi. Salansa bututun ruwa ne guda biyu, ba sa rage ƙara, hanya kawai suke nuna mata. Yanzu na ji ana kiran irin wannan mota hot rod, har mujallu ake bugawa a kanta. Mu haɗin gida muka sani.

Abu ɗaya Baba ya bari yadda ya same shi, shi ne birki. Birkin ƙaramar mota, injin tifa. Kamar ka ɗaure bijimi da zaren ɗinki. Ranar da ya fara fito da ita ya nufi kasuwa, duk wanda ta wuce sai ya dafe ƙirji ya ce, "Allah ya kiyaye!" Kafin yamma sunan ya bi ta. Baba ya ɗauka yabo ne, ya sa aka rubuta a bayanta da jan fenti.

Aikina a wannan mota shi ne dutse. Ina zama a baya rungume da wani dutse mai girman kabewa. In Baba ya ƙwala "Isti!", sai in diro in bi ta da gudu in cusa shi a gaban taya. Da haka muke zuwa sujada, da haka muka kai amare biyu na unguwa, ɗaya daga cikinsu ta sauka a hanya ta ce ta fi so ta ƙarasa gidan miji da ƙafarta. Wata Lahadi dutsen ya suɓuce mini a gangaren majami'a. Motar ta shiga ta katangar gidan fasto, ta tsaya a cikin lambunsa. Ba wanda ya ji ciwo. Fasto ya fito ya dubi bencinsa a tsakiyar kabejinsa, ya ce, "Dauda, cewa na yi a ƙona shi, ban ce a dawo mini da shi ba."

Bayan mako biyu muka tafi jana'iza ƙauye ni da Baba, kwana uku. Da muka dawo, jikin motar na nan, injin babu. Baba ya zargi ɓarayi, ya zargi abokan aikinsa, ya zargi dattawan majami'a ɗaya bayan ɗaya. Har ya rasu bai daina cewa maƙiya ci gaba ne suka yi masa ba.

Zuwana ƙasar nan kuwa, wani ɗan kasuwa ne ya ɗauko ni in riƙa yanka masa tsofaffin motoci gida biyu, ana loda su a kwantena zuwa Legas. Shekara biyu ina yanka abin da na koyi gyarawa. A wannan fili ne wani tsoho ɗan Chana, haifaffen nan, wanda kowa ke kira Ankul Lim, ya zo neman ƙofar wata tsohuwar mota. Wadda aka samu ta lotse. Na ce ya ba ni awa ɗaya. Ya zauna a kan taya yana kallona. Da na gama ya rufe ido ya shafa ta da bayan hannu, ya ce, "Boleh," wato ya yi. Wannan kalma ɗaya ita ce takardar ɗaukata aiki. Garejinsa na can bayan gari, inda ake farfaɗo da tsofaffin motocin masu hali.

Masu hali kuwa sai haƙuri. Wani mai sarauta ya kawo mana mota, wata uku muna cire tsatsa, muka yi mata fenti har kana ganin haƙoranka a jiki. Ya dawo daga tafiya ya ce yanzu a Turai tsatsa ake yayi, mu mayar masa da abarsa. Ankul Lim ya dube ni, na dube shi, muka tura motar waje, ruwan sama ya yi aikin, mu aka yaba. Namu na gida ma ba a bar su a baya ba. Wani ɗalibi ya ari motar abokinsa ya je burga Bukit Bintang, ya rungumi ginshiƙi da ita. Ya zo yana gumi: "Oga, abeg, kafin azahar, kada mai ita ya gane." Na ce masa ɗana, ni ina jin abeg, ƙarfe ne ba ya ji.

Sai shekarar korona ta zo. Aka ce kowa ya zauna a gida, aka kulle gareji, 'yan sanda a kowace mahaɗa suna tambayar ina za ka. Mai gyaran tsohuwar mota ba ya cikin masu aikin dole. Na zauna a ɗaki ina kallon hannuwana. Tun ina yaro ban taɓa ganin faratana sun yi fari ba sai lokacin, ashe haka launinsu yake. Takardar zamana a ƙasar nan a wuyan garejin take rataye. In ya mutu sai jirgi, jirgin ma babu.

A wannan zama ne, can Bukuru, rashin aikin yi ya sa Laraba ta buɗe akwatin ƙarfen Mama. A ƙarƙashin zannuwa ta samu hotuna uku, baƙi da fari, kyankyaso ya ci gefensu. Ta ɗauke su da waya ta zuba a guruf ɗin dangi.

Na farko Baba ne a sitiyari, gilashin walda a goshi, ya ɗaga haɓa kamar matuƙin jirgin sama. Na biyu mu shida ne a kan bencin, ni a ƙarshe da dutsena a cinya. Mama na tsaye a gefe, taku uku tsakaninta da motar, goye da Laraba, fuskarta kamar wadda aka ce ta yi hoto da kura. Na uku a lambun fasto aka ɗauka. Har yau ba a san wane marar imani ne ya tsaya ɗaukar hoto a ranar ba.

Kafin yamma dangi sun rikice. Wani ɗan baffanmu da ke Abuja, wanda na san bai taɓa riƙe sifana ba, ya rubuta cewa shi ya ba Baba shawarar injin. Wata gwaggo ta ce a motar aka kai ta asibiti ta haihu, alhali ɗan nata ya girmi motar da shekara huɗu. Wani ya ce ta taɓa yin tsere da jirgin ƙasa ta ci. Laraba kanta ta ce tana tuna ƙamshin kujerar, ita da ke goye. A ƙarshe kowa ya amince cewa Baba injiniya ne da Najeriya ta yi asararsa. Mutanen da suka yi shekara talatin suna kiransa Dauda mai taɓin injin ke nan fa. Ni dai ina ta karantawa. Dutsen ma wani ya ce shi ke riƙe shi.

Imma a lokacin yana karatun kwamfuta a Bukit Jalil, yana zaune a ɗaya daga cikin dogayen gidajen nan masu hawa ashirin da wani abu. Ya kira ni.

"Kawu, na ga motar Kaka. Zan haɗa irinta."

Na ce da me?

"Akwai bidiyo, Kawu. It's easy. Wani Bature ya haɗa tasa cikin minti goma sha takwas."

Na ce Baturen nan ya nuna maka inda ya yi wata takwas yana kuka? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, zamani ya canza lah."

Na ɗauka zafin kulle ne, zai huce. Ashe wani ɗalibi da ya gudu gida kafin a rufe filin jirgi ya bar masa wata tsohuwar ƙaramar mota a wurin ajiye motoci na ƙasan gidan, ya ce ya yi yadda ya so da ita. Imma ya yi odar injin yankan ƙarfe ta waya, aka kawo masa har ƙofa kamar abinci. Bayan kwana huɗu ya kira ni ta bidiyo da rana tsaka, fuska duk baƙar ƙura, takunkumi a haɓa.

"Kawu, na cire rufin. Amma ƙofofin sun ƙi buɗuwa."

"Juya wayar in gani."

Motar ta durƙusa a tsakiya kamar raƙumi zai sauke kaya. Ku saurara, don nan darasin yake. Motar Baba tana da ƙashi, dogayen ƙarafa biyu daga gaba har baya, jikin ɗora shi kawai aka yi. Ka cire rufi, ka cire ƙofa, tana nan tsaye. Ƙananan motocin yanzu ba su da ƙashi. Kamar ƙwai suke, ɓawon ne ƙarfinsu. Ka yanke saman ƙwai ka zauna a kai ka gani.

Sannan na hango inda ya ja layi da alli zai yi yanka na gaba. Na ce, "Imma, wannan baƙin abin da ke ƙarƙashin layinka, mene ne?" Ya leƙa ya ce yana jin akwatin kaya ne. Na ce, "Tankin mai ne. Akwai mai a ciki?" Ya ce rabi. Na ce ya ajiye injin a ƙasa, ya zare shi daga wuta, ya ja da baya taku goma, sannan ya zauna ya gode wa Ubangiji da bakinsa ina ji. Gida guda na mutane ne a saman kansa, kowa a kulle a ɗaki.

Masu kula da gidan sun riga sun gan shi a kyamara. Suka ba shi takarda: ya fitar da gawar motar cikin mako guda, ko su kira 'yan sanda su kuma sanar da makarantarsa. Duk ɗalibi baƙo a nan ya san abin da wannan ke nufi. Sa'arsa ɗaya, a makon ne aka sassauta kulle aka bar gareji su buɗe. Na roƙi Ankul Lim, ya tura motar ja.

Da aka sauke ta, Ankul Lim ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya. Ya tambaye ni mutum nawa suka mutu a hatsarin. Na ce ba hatsari ba ne, ilimi ne. Imma ya sunkuyar da kai, ya miƙa masa wayar da hoton Baba don ya kare kansa. Tsohon ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo yana buɗa hoton da yatsu. Sai ya shiga ofis ya dawo da gwangwanin biskit. A ciki akwai hoto: wani siririn mutum da singileti a kan mota marar rufi, injin a waje, bututu biyu a gefe, a bayansa farin tudun ƙasa irin wanda na girma ina gani. Na ce ai wannan tudun kuza ne. Ya ce mahaifinsa ne, a wajen Ipoh, shi ma bakaniken kamfanin kuza. Shekaru muna aiki kafaɗa da kafaɗa, ban san wannan ba, shi ma bai san nawa ba. Hirarmu ba ta wuce miƙo, riƙe, da makan, wato a zo a ci abinci.

Na tambaye shi birkin motar fa? Ya ɗora yatsa a kan wata mata da ke tsaye nesa a gefen hoton, ta harɗe hannu. Ya ce, "Ga birkin nan."

Aiki babu. Masu hali sun ɓuya a gidajensu, motocinsu ma an lulluɓe. Ankul Lim ya ce da mu zauna muna kallon juna, gara mu yi wauta irin ta iyayenmu. A bayan gareji akwai ƙashin wata tsohuwar akori-kura da ciyawa ta rufe, da wani injin mai silinda shida da mai shi ya manta da shi. Motar Imma kuwa fitila biyu da madubi kawai muka cira, saura ya tafi gwangwan.

Imma ya zo da ƙafar ɗora waya, wai zai riƙa nuna wa mabiyansa yadda aiki ke tafiya. Na karɓe na ajiye, na ba shi samfefa da burushin ƙarfe, na nuna masa ƙashin motar da tsatsar shekara talatin.

"Kawu, yaushe zan fara walda?"

"In ka ga fuskarka a ƙarfen nan."

Da safe yana darasi ta waya, da rana yana gurza. Mako na farko hannunsa ya yi bororo ya fashe. Mako na biyu ya ce yana da jarrabawa. Na ce to, ya tafi, ban kira shi ba. Kwana uku sai ga shi ya dawo da kansa, ya ɗauki samfefa ya ci gaba da gurza. Sai da ya yi wata biyu na ba shi guduma. Waldarsa ta farko kamar kashin kaji. Ankul Lim ya buga mata guduma sau ɗaya ta rabu, ya ce, "Lagi," wato a sake. Har yau ita ce kalmar Malay da Imma ya fi sani.

Ranar da muka ɗora injin a kan ƙashi, Imma ya kira uwarsa ta bidiyo don ta nuna wa Mama. Mama ta kusa casa'in, ido ya yi rauni amma baki na nan. Ta kawo wayar daf da hanci ta ce, "Istifanus, me nake gani haka?"

"Irin motar Baba ce, Mama."

"Ashe haukan gado ne. Shi kuma wancan tsohon da ke bayanka, ba shi da mata ne?"

Na ce ta rasu. Ta ce, "Shi ya sa."

Sai Imma ya sa baki: "Kaka, da ɓarayi ba su sace injin Kaka Dauda ba, da yanzu muna da kamfanin mota."

Mama ta ce, "Waɗanne ɓarayi? Ni na kira ƙarti shida da amalanke ranar da suka tafi jana'iza. Na ba mai niƙa na bakin kasuwa. Shekara ashirin injin nan yana niƙa wa Bukuru masara, bai taɓa shiga lambun kowa ba. Tuwon da kakanka ya ci har ya mutu, injinsa ne ya niƙa. Yana ci yana zagin ɓarayi."

Laraba ta ce "Yesu!", wayar ta suɓuce mata, muka ga rufin ɗaki. Da aka ɗago ta, Mama ta ce, "'Ya'yana shida ke hawa bencin nan. Ka ji ni da kyau, Istifanus: jikana ba zai riƙe dutse ba."

Na fassara wa Ankul Lim. Ya yi dariya har sai da ya nemi wurin zama. Washegari ya fito da birkin wata babbar mota, sabo a kwalinsa, wanda ya daɗe yana ɓoyo. Mako uku muka yi a kan birki kaɗai. Wajen fitar da iska daga bututu, Imma na sama yana taka feda, ni ina ƙasa ina buɗe noti ina rufewa: taka, riƙe, saki. Taka, riƙe, saki. Wannan ne ba a sa wa a bidiyo, don ba wanda zai kalla.

Ba mu gama ba aka sake kulle gari, wannan karon ya fi na farko muni. Motar asibiti ta riƙa wucewa ta gaban gidana sau da yawa a yini. Ankul Lim ya kamu. 'Yarsa ta kira ni ta ce an kwantar da shi, an sa masa iska, ba a barin kowa ya gan shi. Ta ce in ya tashi ma za ta sa ya sayar da garejin. Na ce to. Mako biyar ba labari mai daɗi. Da aka sake buɗewa, ni da Imma muka koma muka ci gaba, don ban san wani abin da zan yi da hannuna ba. Murafen tayoyin baya shi ya buga su da kansa daga kwano, ni ina zaune ina shan shayin mamak, wato na masu shayin ƙasar nan. Da ya gama na shafa, na rasa abin kushewa, sai na ce masa fenti zai ɓoye sauran. Ƙarya nake, ba abin ɓoyewa.

Ankul Lim ya dawo wata safiya, 'yarsa na riƙe da shi, wandonsa na neman faɗuwa. Ya fara zagaya motar, ya tsaya ya huta, ya ƙarasa zagayen. Ya ce a tayar. Imma ya murza. Karnukan layin suka haukace, mai shagon mamak na tsallake ya fito da ludayi a hannu. Tsohon ya ce shi zai tuƙa. 'Yarsa ta ce ba ta yarda ba, da yaren Chana, da Malay, da Turanci. Ya hau. Filin garejin taku sittin ne, ƙarshensa katangar masu yin taliya. Ya saki kuloci, motar ta zabura. Na ga katanga, na ga tsoho, ƙafata ta fara gudu ba tare da ta shawarce ni ba. Ya taka birki. Ta tsaya cak, har tabaransa ya faɗo kan cinya, saura taku goma. Ya zauna yana haki, sannan ya ce wa 'yarsa garejin ba na sayarwa ba ne bana, ta sake tambaya baɗi.

Titi kuwa motar ba ta taɓa hawa ba. Masu duba motoci suka nemi takardar haihuwarta: wane kamfani, wace shekara. Ankul Lim ya ce gabanta da bayanta ba sa'o'in juna ba ne. Suka ce ko kusa. Amma kafin su tafi, babbansu ya cire hula ya hau ya ce a ɗauke shi hoto. Tana nan a gareji, taku sittin gaba, taku sittin baya. Da masu hali suka fito daga ɓuya suka gan ta, biyu suka ce a haɗa musu irinta su ajiye a gida baƙi su riƙa gani. Aikin da ya riƙe mu ke nan har abubuwa suka daidaita, takardata ma aka sabunta.

Da Imma ya gama karatu zai koma gida, Laraba ta kira ni, ko gaisuwa babu.

"Yaya, na tura yaro ya karanta kwamfuta, ka mayar mini da shi fanel bita. Na ga hannunsa a hoton bikin gama makaranta, kamar na mai faskare. Me zan ce wa matan zumunta?"

Na ce ki ce musu ya ci jarrabawarsa, ga takarda.

"Yanzu wai gareji zai buɗe a Bukuru, kwamfutar kuma da ita zai riƙa duba injin. Duk kai ne."

Na ce ban musa ba.

Can ta ce, "Ƙofar gidanmu ta ƙarfe, shekara biyu ke nan ba ta rufuwa sai an tokare ta da turmi. Masu walda uku sun zo sun ci abincina sun tafi. Ya iya wannan?"

Na ce ya iya.

"To ka ce masa kada ya cika jaka da tsaraba. Ya taho da gudumarsa."